Kafin ka sauke manhajar editin bidiyo, fara gwada ƙofar fita

Satin da ya wuce ɗan Bappana ya same ni a gida nan Tudun Wadan Gombe bayan isha'i, laftof a hammata, ko zama bai gama yi ba ya ce "Hamma dan Allah wace manhaja ce ta fi kowacce a editin bidiyo, ita nake so ka saka min." Na ce to me za ka yi da ita? Ya ce walimar saukar ƙannensa aka yi a islamiyya, sun ɗauka da wayoyi uku, yana so ya haɗa abu ɗaya mai kyau a tura wa 'yan uwa na Kumo da na Bajoga da waɗanda ke Saudiyya. Na karɓi laftof ɗin na duba, ram, wato memorin da take aiki da shi, giga 4, had dis ɗin ajiya irin na da mai juyawa, batir ɗin kuma in ka zare caja ko minti ashirin ba ya kaiwa. Shi kuma a ransa DaVinci Resolve yake so, wai ya ji wani a YouTube yana cewa da ita ake gyara kalar manyan finafinan Amurka kuma kyauta ce. Duka biyun gaskiya ne fa, ba a yi masa ƙarya ba, abun da dai ba a gaya masa ba shi ne wannan laftof ɗin nasa kam ko buɗe ta sai an yi da gaske, balle a zo maganar aiki.

Tambayar nan ta "wacce ta fi" ita ce kullum ake min, kuma ita ce ba ta da amsa. Tirelar da ke ɗauko siminti daga Ashaka ta fi keke napep ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba mai hankalin da zai tsare ta ya ce ta kai shi Pantami daga Jekadafari. Manhajar da za ta dace da kai ba kai kaɗai ke zaɓen ta ba, na'urar hannunka tana da ta cewa, wutar unguwarku da datarka suna da ta cewa, sannan inda bidiyon zai je ya ƙare, sitatus ne ko YouTube ko filashin da za a soka a talabijin ɗin falo, shi ma yana da ta cewa.

Ni ba ƙwararre ba ne, albashi nake ci a wani wurin daban, editin ɗin nan sha'awa ce kawai tun zamanin Windows Movie Maker, wadda Microsoft ta daina bayarwa a farkon 2017, mu da muka fara da ita har yau muna kewar sauƙinta. Amma na sha wuya isasshiya da zan iya ba da labari. Wacce ta fi min ciwo ita ce ta bikin ƙanwata. Na sauke wata manhaja, ba zan kama suna ba, an rubuta kyauta ɓaro-ɓaro a shafinsu, na kwana uku ina yanka ina jerawa, kamu daban, ɗaurin aure daban, kai amarya daban, na saka rubutu na daidaita sauti, ranar ta huɗu na danna a fitar min da bidiyo, bayan kusan awa biyu ya gama, ina buɗewa sai ga tambarin kamfanin shimfiɗe a tsakiyar allo daidai fuskar amarya tun daga farko har ƙarshe. In ina so a cire sai na biya da dala. Kuma aikin da ka yi a wata manhaja ba ya ɗaukuwa zuwa wata, fayil ɗin aikin kowacce yarenta daban, ko dai ka biya ko ka koma farko. Na koma farko.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ita ce abun da na fi so mai karatu ya riƙe a duk rubutun nan. Duk manhajar da ka sauke, kafin ka zuba mata wahalarka, ɗauko bidiyo na minti ɗaya daga ainihin wayar da za ka yi aikin da ita, ka yanka shi biyu, ka saka rubutu, ka saka irin adon da kake sha'awa, ka fitar da shi, ka tura wa kanka a WhatsApp ka kalla har ƙarshe. Minti goma zai ci maka. A nan za ka ga ko akwai tambari, ko za a tare ka a bakin ƙofa a ce kawo kuɗi, ko baki da murya suna tafiya tare, ko wayar za ta yi zafi ta mutu a hanya. Talla kullum ƙofar shiga take nuna maka, matsalar kuma a ƙofar fita take zaune.

Dalili kuwa shi ne kalmar "kyauta" ɗin nan kala-kala ce. Akwai wadda za ta bar ka ka yi komai amma ta buga tambarinta a kan aikin, haka Filmora ta kamfanin Wondershare take yi a ta kyauta, haka ma KineMaster ta 'yan Koriya ta Kudu, duk da nata a kusurwa yake zama. InShot ma tana sakawa amma ƙarami ne kuma ana iya cire shi in ka yarda ka kalli talla. Akwai kuma wadda ba tambari ne makaminta ba, kayan adon ne ta kasa biyu, na kowa da na masu biya, CapCut kenan, za ka ɗauki wani ado mai kyau ka saka ba ka lura da 'yar alamar Pro a jikinsa ba, sai ka zo fitarwa ta ce ko ka cire shi ko ka biya, kuma shekara bayan shekara abubuwan da da kyauta ne suna ta komawa ɓangaren biya. Clipchamp da Microsoft ta saya a 2021 ta saka a cikin Windows 11 tana barin ka fitar da bidiyo mai ingancin 1080p ba tambari, 4K da ya fi shi inganci ne sai da kuɗi, sai dai ita kuma rayuwarta a jingine take da intanet, ga mai auna data da cokali wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan akwai kyauta ta tsakani da Allah, irin su Shotcut da Kdenlive da OpenShot, waɗanda masu sa kai suke ginawa kuma kowa na iya ganin yadda aka rubuta su, ba tambari ba talla ba rajista, zan dawo kansu.

Yanzu maganar waya. In gaskiya za a faɗa, mutum takwas cikin goma da ke min tambayar nan a lissafina na ido ba sa bukatar kwamfuta sam. Addata tana sayar da turaren wuta da humra, bidiyonta ba ya wuce daƙiƙa arba'in, a tsaye ake ɗauka a tsaye ake kallo, sitatus da Instagram da TikTok ne kasuwarta. Me za ta yi da laftof? CapCut ko InShot ko VN sun ishe ta har da saura. VN ɗin ma ni na fi tura mutane gare ta in sun ce ba sa son rigimar tambari, layin aikinta ya fi kama da na kwamfuta, in wata rana ka koma babbar manhaja ba za ka zama baƙo ba. CapCut kuma ƙarfinta shi ne gaggawa, kamfanin ByteDance mai TikTok ne ya yi ta, ta fito duniya a 2020, shi ya sa duk wani yayi da ya ɓullo a TikTok za ka tarar da samfurinsa a shirye, hotunanka kawai za ka zuba. Illar hakan kuma ita ce bidiyon kowa ya zama iri ɗaya, ka buɗe sitatus ranar sallah ka ga mutum goma sha biyar da juyi iri ɗaya da walƙiya iri ɗaya kaman ankon biki.

Inda waya take gazawa shi ne dogon aiki. Da zarar bidiyo ya haura minti goma sha biyar, ko kana haɗa ɗauka daga wayoyi biyu uku kana son su hau kan sauti ɗaya, yatsa a kan ɗan ƙaramin gilashi ya zama azaba, memori ya cika, waya ta ɗau zafi musamman a watan Maris da Afrilu da garin nan ke tafasa, kuma waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, sai ka ga fitarwar da ya kamata ta ci minti biyar ta tsaya a kashi 60 tana kallon ka.

Akwai wani abu da masu sharhin manhajoji na ƙasashen waje ba za su taɓa gaya maka ba don ba matsalarsu ba ce, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Ka rubuta "Barka da shan ruwa" lafiya lau, amma ka rubuta "Walimar saukar Alƙur'ani" ko "Ɗaurin aure" sai ka ga ƙ ɗin ko ɗ ɗin ya zama ɗan akwati, ko ya fito da wani salo daban da sauran haruffan kaman baƙon da ya shigo hoto. Ba laifin manhajar ba ne kai tsaye, salon rubutun da ka zaɓa ne ba a zana masa ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma yawancin masu kwalliyar nan da ido ke so su ne ba su da su. Don haka cikin gwajin minti ɗayan nan ka rubuta "ƙofa, ɗaki, ɓera" ka gani. Noto Sans na Google yana da su duka kuma kyauta ne, in manhajar tana karɓar salon rubutu daga waje ka shigo da shi ka huta. Larabci ma haka, wata manhajar in ka liƙa aya sai ta wargaza haruffan ta jera su ɗaiɗai daga hagu, wannan kam a bidiyon walima ba kuskuren da za a yafe ba ne, dabarar ita ce ka rubuta ayar a wani wuri da ke iya Larabci ka mayar da ita hoto sannan ka ɗora hoton a kan bidiyo, ka kuma ba wani malami ya duba kafin ka tura. Shi kuwa rubutun da manhaja ke yi da kanta in ta saurari magana, wanda ake ta yi wa talla, da Turanci yana aiki, da Hausa kar ka sa rai, balle irin Hausarmu ta nan da ake surka ta da Fulatanci, da hannunka za ka rubuta. Kar ka biya kuɗin wata saboda wannan.

To mu zo kan abun da ke sa kwamfuta ta riƙa sarƙewa, don a nan mutane suke zagin manhaja alhali ba ita ba ce. Bidiyon da waya ke ɗauka a matse yake, da wani tsari da ake kira H.264, ko sabonsa H.265 wanda iPhone ta koma kansa tun 2017. Bidiyo hotuna ne ke gudu, 30 a daƙiƙa ɗaya misali, amma wayar ba ta ajiye kowane hoto cikakke, sai ta ajiye ɗaya cikakke sannan na bayansa ta rubuta abun da ya canza kawai. Kaman mai shago ne da littafin bashi, yau ya rubuta jimilla, gobe ya rubuta an ƙara ɗari biyu, jibi an rage hamsin, in ka tambaye shi nawa ake bin ka ranar Laraba sai ya koma jimillar ƙarshe ya biyo lissafi. In kallo kawai kake yi daga farko zuwa ƙarshe ba matsala, lissafin a jere yake tafiya. Amma mai editin tsalle yake yi, gaba, baya, tsakiya, kowane tsalle sai kwamfuta ta koma ta sake lissafi, H.265 kuma lissafinsa ya fi wuya, tsofaffin laftof ɗin gwanjo da suka cika kasuwa da yawansu an ƙera su ne kafin a fara saka musu abun da ke warware shi cikin sauƙi. Shi ya sa bidiyon da ke tafiya sumul a wayarka zai hau laftof ya riƙa ɗingishi.

Maganinsa biyu ne. Na farko tun wajen ɗauka, ka bar 4K ɗin nan. A lissafin da iPhone kanta ke nunawa, minti ɗaya na 4K a tsohon tsari yana cin wajen mega 350, na 1080p kuma wajen 130, ka lissafa walimar awa ɗaya ka gani, kuma duk wahalar nan a ƙarshe WhatsApp zai matse shi ya koma abun da ya koma, Goggo kuma a wayarta mai fasasshen gilashi za ta kalla. Masu iPhone su shiga saitin kyamara su zaɓi tsarin da ya fi dacewa da kowace na'ura, zai koma H.264. Na biyu shi ne abun da ake kira furoksi, manhaja ta yi wa kowane bidiyo ƙaramin kwafi mara nauyi, ka yi duk yanke-yankenka da shi, sai lokacin fitarwa ta koma ta ɗauko na ainihin. Shotcut tana yi, Kdenlive tana yi, Resolve da Premiere suna yi. Ga mai ƙaramar kwamfuta, tambayar "tana da furoksi?" ta fi tambayar "ado nawa gare ta?" amfani sau goma.

Sai kuma ciwon da ya fi ba mutane haushi, bidiyo ya fara daidai, a minti na ashirin ka ga bakin malam ya rufe murya tana ci gaba. Wayoyi ba sa riƙe adadin hotunan nan daram, in haske ya ragu ko waya ta yi zafi sai su rage, wasu manhajojin kwamfuta kuma suna ɗauka adadin bai taɓa canzawa ba, kaɗan-kaɗan sai sauti ya zame. HandBrake kyauta ce, ba ta editin, juya bidiyo kawai take yi, ka bi da fayilolinka ta cikinta ka ce ta daidaita gudun ya zama ɗaya, matsalar ta ƙare. Ɗan wani abu kuma a gefe tunda muna maganar, in ka taɓa ɗaukar bidiyo da dare a ƙarƙashin wasu fitilun ka ga haske yana rawa, wutarmu ta Najeriya bugu 50 take yi a daƙiƙa, ta Amurka 60, wayoyi kuma yawanci da saitin 30 ko 60 suke zuwa, in wayarka tana ba da damar 25 ka koma can, rawar za ta ragu ko ta tafi. Ba manhajar kyauta da za ta gyara maka wannan da kyau bayan an riga an ɗauka.

DaVinci Resolve ɗin da ɗan Bappana ya ƙwallafa rai, bari in yi mata adalci. Kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ne ya saye ta a 2009, da can kayan manyan ɗakunan gyaran kala ce mai tsadar gaske, su kuma da yake kyamarori da na'urori suke sayarwa sai suka saki manhajar kyauta don ta jawo musu kasuwa. Ta kyautar ba wasa ba ce, tana fitarwa har 4K ba tambari, sai dai in ka taɓo wani abu na ɓangaren Studio, wanda ake saya sau ɗaya dala 295. Yanka, gyaran kala, gyaran sauti, duk a gida ɗaya. Amma su da kansu sun ce a tanadi ram giga 16 da katin hoto mai nasa memorin, sauke ta kaɗai ya haura giga 2, kuma koyon ta sai ka ba ta makonni. In kana da na'urar kuma kana ji a ranka abun nan zai iya zama sana'a, wallahi kar ka tsaya ko'ina, ita ce. In kuma sau uku a shekara kake haɗa bidiyo, sallah ƙarama, sallah babba da suna, duk dawowar da za ka yi sai ka tarar ka manta inda komai yake.

Premiere ta Adobe ita ce ta yawancin masu situdiyo, kuma tana da kyau, amma tun 2013 suka daina sayarwa suka koma haya, kusan dala 23 kowane wata, ka buga da canjin yau ka gani, tun da aka saki naira a 2023 lissafin ya daina yi wa mai sha'awa daɗi. Kuma a kula, tsarin dala 23 ɗin nan na shekara ne ake biya wata-wata, in ka fita a tsakiya akwai tara, har hukumomin Amurka sun kai kamfanin kotu a 2024 kan yadda ake ɓoye wannan sharaɗin. Final Cut Pro kusan dala 300 ce sau ɗaya amma sai kwamfutar Mac, mai Mac ko iPhone kuma yana da iMovie kyauta wadda ta ishi aikin gida. Ban ga dalilin da mai haɗa bidiyon suna zai ɗaura wa kansa bashin wata-wata da dala ba.

Na san abun da wani zai ce, ai ba wanda ke biya, a kai wa yaran kasuwa su saka mai kirak, wato ta sata, ko a sauke wadda aka fasa a Telegram. Ban da maganar haƙƙi, wadda kowa ya san hukuncinta a zuciyarsa, ka tuna wanda ya fasa manhajar nan ya raba ba don Allah ya yi ba, kuma sharaɗin farko da za a ba ka shi ne ka kashe mai gadin kwamfutarka kafin ka saka. A na'urar da manhajar bankinka take, da hotunan iyalinka. Wani abokin aikina haka ya saka irin wannan, bayan kwana kaɗan aka ƙwace masa Facebook aka riƙa tura wa mutane saƙon neman rance da sunansa, har surukinsa sai da ya tura. A da can da babu zaɓi ana iya cewa lalura ce, yanzu da na halal na kyauta suka yi yawa haka ban san me ake nema ba.

Su na halal ɗin, Shotcut da Kdenlive, gaskiya fuskarsu ba ta da kyau, in ka buɗe kaman ofishin gwamnati, ba walƙiya ba samfurin yayi. Amma ba su kai rabin giga ba wajen saukewa, ba sa neman intanet bayan nan, ba sa tambayar imel ɗinka, Shotcut ma akwai wadda za ka ɗora a filashi ka kai wa wani ya kwafa ba sai ya ƙona datarsa ba, tunda kuɗin data ma an ƙara shi da kashi 50 a farkon 2025. Kdenlive ta fi kayan aiki, Shotcut ta fi sauƙin kamawa a ganina, OpenShot ta fi su duka sauƙi amma a dogon aiki ba na sakin jiki da ita. Kowacce ka ɗauka ka saba da danna ajiye kaman tasbihi, don wuta ba ta sallama in za ta tafi, wanda ya zauna a Gombe a 2024 lokacin da aka lalata turakun layin wutar Jos muka yi makonni a duhu ba sai an yi masa bayani ba. Dogon bidiyo kuma ka fitar da shi gida-gida, minti goma-goma, in wuta ta yanke ɗaya ka rasa ba duka ba.

Wani abun da ba na so in wuce shi, sirri. Bidiyon gida ba kaman na talla ba ne, akwai ɓangaren mata a biki, akwai yara, akwai matan aure da suka saki jiki don sun san 'yan uwa ne kawai za su gani. Manhajojin waya da yawa suna da ma'ajiya a intanet, wasu ayyukan nasu ma sai sun ɗora bidiyon can kafin su yi, kuma a tsakiyar 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce kan sharuɗɗan CapCut saboda faɗin damar da suke ba kamfanin a kan abun da mutum ya ɗora musu. Ban ce kar a yi amfani da ita ba, Addata ma da ita take tallar humrarta, amma bidiyon kamu da na cikin gida ni kam a manhajar da ba ta taɓa intanet nake yin su. Kuma manhaja tana iya ɓacewa dare ɗaya, Indiya ta hana CapCut tun 2020, a Janairun 2025 ma ta ɗauke na ɗan lokaci a Amurka tare da TikTok, don haka ainihin bidiyoyinka ka ajiye su a wani wuri naka, kar ka bar su a cikin manhaja kawai.

Sauti kuma, a gajarce, mutane za su jure hoto mai hazo amma ba za su jure ƙarar janareta ba. Ɗan makirfon na maƙalawa a wuyan riga ya fi duk wani ado da za ka biya. Audacity kyauta ce tana rage ƙugi in ba ta yi yawa ba. Waƙar mutane kuma in ka ɗora, Facebook ko YouTube na iya kashe sautin ko su ba mai waƙar kuɗin tallan, har waɗanda ke cikin manhajar ba duka aka yarda ka fita da su wani dandalin ba.

Shi dai ɗan Bappana ga yadda muka ƙare. Kuɗin da ya tanada wai na sayen manhaja muka kai kasuwa aka ƙara masa ram ya koma giga 8 aka canza had dis ɗin da SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, laftof ɗin ta zama kaman ba ita ba. Muka saka Shotcut daga filashina, muka bi da bidiyoyin wayoyi ukun ta HandBrake, muka kunna furoksi. Gwajin minti ɗaya ya kama mana ƙ ɗin Alƙur'ani ya zama akwati tun kafin a je ko'ina, muka canza salon rubutu. Ɗaukar kusan awa biyu ce, na ce ya mayar da ita minti goma sha biyar, ya ce Hamma ai ba zai yiwu ba kowa yana so ya ga kansa, muka yi ciniki muka tsaya a ashirin da biyar. Ya fitar da 1080p na filashi, da wani ƙarami na turawa, na ce in yana so kar WhatsApp ya dagula shi ya tura shi a matsayin fayil ba bidiyo ba, tunda yana ɗaukar har giga 2 ta wannan hanyar, sai dai ya tausaya wa datar masu saukewa.

Shekaranjiya ya kira ni, na ɗauka wani abu ne ya lalace. Ashe Goggo ce ta kira shi daga Kumo, ta ce ta kalla sau uku, karatun yara ya fito ras, amma ina wajen da ta shigo da kulolin masa, wa ya ce a yanke? Yanzu haka yana can yana neman wajen a cikin wayar ta uku.